Malama Haka-Ka-Ce da Sashe na Tara

Ƙarfe bakwai na safe take isa zauren taro, masu shara ba su ma gama ba. Ta yi musu sannu da aiki, ta ajiye jakarta, ta bi tagogi tana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai teburinta. Kullum masu shirya zaure can sama suke kai shi, kusa da kujerun manya, kullum kuma sai ta sa an sauko mata da shi ƙasa, dab da inda masu magana ke tsayawa. Ta jera biro uku, da littafi mai baƙin bango, da 'yar rikodarta wadda aka ɗaure murfin batirinta da roba. Ta ƙwanƙwasa makirfo ta ji ko yana aiki, sannan ta rage masa tsawo, wai masu shirya zaure sun ɗauka duk mai magana dogo ne. Ƙarshe ta jawo benci ta ajiye a gefe saboda tsofaffin da ƙafa ba ta barin su tsayuwa. Sai a lokacin take zama ta tsiyayi shayi daga filas.

Shekara talatin da uku tana wannan, har watan jiya da ta yi ritaya. Aikinta shi ne rubuta bayanin zaman jin ra'ayin jama'a a ma'aikatar gona. Duk lokacin da hukuma za ta kafa wata ƙa'ida a kan taki, ko iri, ko ruwan noman rani, sai a kira jama'a kowa ya zo ya faɗi albarkacin bakinsa. Ita ke rubuta abin da aka faɗa, ita ke haɗa rahoton da kwamiti zai karanta kafin ya yanke hukunci. Wanda maganarsa ba ta shiga littafin nan mai baƙin bango ba, to wahalar mota kawai ya sha.

Da yawa ba su san sunanta na yanka ba. Malama Haka-Ka-Ce, shi kowa ya sani. Dalili kuwa, in ka gama magana ba ta barinka ka zauna. Sai ta ɗago kai, ta gyara tabarau, ta karanta maka abin da ta rubuta daga bakinka, sannan ta ce, "Haka ka ce?" In ka ce e, ta wuce. In ka ce a'a, ta ja layi ta sake. Shugabannin zama sun sha yin tsaki a kan wannan, wai tana cin lokaci. Wani ma ya taɓa ce mata a bainar jama'a, "Malama, nan ba kotu ba ce." Ta ce, "Ranka ya daɗe, na sani. A kotu mutum ɗaya ake yanke wa hukunci, a nan kuwa damina guda ake yanke wa mutane." Direban ma'aikata ne ya ba ni wannan labari, ya ce tun daga ranar mutumin bai ƙara tanka mata ba.

Bari in faɗi ko ni wane ne, kada ku ɗauka abokin aikinta ne yake fesa mata turare. Ni a ɗaya ɓangaren nake. Shekara tara na yi ina sakataren ƙungiyar dillalan iri, masu sayar da iri a leda da hatimin ɗakin gwaji. Aikina shi ne in tabbatar duk zaman da za a yi, maganarmu ce a sama. Kuma wallahi na iya aikina.

Ku da kuke jin sanarwa a rediyo cewa ana gayyatar jama'a, kuna zaton ranar zama ake fara zama. Ina! An gama rabin magana tun kafin a buɗe ƙofa. Daftarin dokar yana hannunmu tun makonni kafin ranar, lauyanmu ya tsefe shi, wanda zai shafa a ƙauye kuwa ko labarinsa bai ji ba. Mu muke ba da "shawara" a kan ranar da ta dace. Mu muke sammakon rubuta suna, mu cike layin masu magana, kowa ya ja tasa ta yi tsawo, har in an zo kan ƙaramin manomi yunwa ta kama 'yan kwamiti suna duba agogo. Ƙungiyoyi uku muke zuwa da su, kowace da sunanta da tutarta, alhali duk a ɗaki ɗaya muke shan shayi. Babu wanda muka doka, babu dokar da muka karya. Mun dai fi kowa sanin inda ƙofa take.

Kada kuma a ce mu azzalumai ne zalla. Shekarar da nake son ba ku labarinta muna da kuka na gaskiya. Wasu marasa tsoron Allah suna sayen hatsin ci a kasuwa, su rina shi da jan kala, su ɗura a leda mai kama da tamu. Manomi ya saya ya shuka, ya zauna jiran tsiro har damina ta yi nisa. Sunanmu yake ɓaci, shi kuma ya yi asarar shekara. Saboda haka muka matsa aka rubuta daftari, a cikinsa akwai sashe na tara: an hana kowa sayar da iri ko baje shi a kasuwa sai da hatimin ɗakin gwaji, wanda aka kama a ƙwace kayansa.

Kowa fa aka ce. Na karanta kalmar nan ya fi sau ashirin, kuma na san wadda za ta fara hawa kanta. Goggona ce, yayar mahaifina. Shekara arba'in tana zama a bakin kasuwa da faifai da ƙaramin gwangwani, tana sayar da irin wake da na kuɓewa da na gero waɗanda ita ta noma, ta zaɓa da hannunta, ta adana cikin toka a kwalabe. Tana da wani wake mai nuna da wuri, wanda ke ceton gidaje lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai zo ba. Faifan nan shi ne abincinta, shi ne mutuncinta. In sashe na tara ya wuce yadda yake, duk wani ma'aikaci mai hula zai iya zuwa ya kifar da shi a gaban mutane. Na ce wa zuciyata, haba, wa zai kula da tsohuwa mai gwangwani? Na rufe fayil na ci gaba da harkata.

Ranar zama ta faɗo washegarin ruwan farko. Ba mu muka saukar da ruwa ba, amma mu muka zaɓi makon, mun kuma san me muke yi. Duk manomin kirki yana gona yana shuka. Ni kuwa na cika bas uku da mutane, na raba musu koren huluna masu rubutun "Manoma Na Son Ingantaccen Iri". Na tsaya a bakin ƙofa ina ƙirga kawuna ina jin daɗi, sai na hango mata bakwai can layin baya, ƙafafunsu duk taɓo. Ta tsakiyarsu goggona ce, da ƙullin tsumma a cinya.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ashe ranar hutunta Malama ta ɗauki daftarin ta shiga kasuwa, ta bi layin masu iri tana karanta musu sashe na tara da bakin da za su gane. Ba ta ce su yarda ba, ba ta ce su ƙi ba. Ta dai gaya musu rana da wuri, ta ce ƙofa a buɗe take ga kowa. Haka take yi kafin kowane zama, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya taɓa yi mata na gode.

Aka fara. Lauyanmu ya haska majigi, ya yi kusan awa yana zuba. Shugabannin ƙungiyoyinmu uku suka bi layi. Sai na tura ɗaya daga cikin masu koren hula, wani ƙaƙƙarfa da na zaɓa saboda muryarsa. Ya kama makirfo ya ce, "Mu manoma muna goyon bayan sashe na tara ɗari bisa ɗari!" Zaure ya ɗauki tafi.

Malama ta karanta masa ta ce, "Haka ka ce?"

Ya ce, "Haka na ce!"

Ta ce, "Madalla. Me kake nomawa, in rubuta a gaban sunanka?"

Ya waiwayo yana nemana da ido. Ni kuwa na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya. Can ya sosa ƙeya ya ce, "Gaskiya, Hajiya, ni faci nake yi a bakin tasha."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta rubuta, ta ce, "Ba abin dariya ba ne. Mai faci ma wake yake ci, ra'ayinsa ra'ayi ne. Na dai rubuta mai faci, ban rubuta manomi ba." Ta yi masa godiya kamar yadda ta yi wa lauya.

Hannun goggona tun safe yake sama, ta ɗaga dama ta gaji ta ɗaga hagu. Uku saura kwata shugaban zama ya duba agogo ya ce an ji ra'ayoyi masu gamsarwa, za a rufe da addu'a. Kujeru suka fara ƙara. Sai ga muryar Malama, ba ƙarfi, ba rawa: "Ranka ya daɗe, takardar gayyata ta ce zama har ƙarfe huɗu. In manya suna da uzuri, Allah ya kiyaye hanya. Ni dai littafina a buɗe yake har huɗu."

Suka fita abinsu, in ban da wani dattijo ɗan kwamiti, mai binciken iri, da ya koma ya zauna. Ta ɗauki littafi da rikoda, ta ja kujerarta har layin baya, ta zauna a gaban matan nan. Ni ina laɓe a bayan ginshiƙi da ragowar huluna a leda.

Goggo ta kwance ƙullinta ta baje wake a tafin hannu, ta yi magana mai tsawo. Da ta tsaya, Malama ta karanta: "Mai magana ba ta yarda da sashe na tara ba, tana so a soke shi. Haka kika ce, Inna?"

Goggo ta ce, "A'a, 'yar nan, ban ce haka ba. Ni ma an taɓa cuta ta da jan irin nan, kuɓewa na shuka ciyawa ta fito. A kama masu rini, a ɗaure su ma in an ga dama. Abin da na ce, mai leda ba a san gidansa ba, dole a nemi hatiminsa. Ni kuwa duk wanda ya sayi wakena ya san ƙofata. In bai tsiro ba, da safe zai zo ya yi min sallama. To wane hatimi ya fi wannan?"

Malama ta ja layi a kan rubutunta, ta ce, "Ki yafe ni, na yi miki gaggawa." Ta sake rubutawa kalma bayan kalma, ta karanta. Goggo ta gyaɗa kai ta ce, "Yauwa, yanzu kika ji ni." Dattijon nan ya roƙi ƙwaya biyar ya ƙulle a hankicinsa.

Suna fita goggo ta gan ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi ledar hannuna, ta ce, "Au, Sakatare, ashe kai ne mai rabon huluna? Ba ka ajiye wa goggonka ɗaya ba? Da waken nan fa aka yaye ka." Ta wuce tana ɗingisa ƙafa. Wallahi da ta kwaɗa min mari da ya fi min sauƙi.

Kuna zaton na tuba a nan? Ban tuba ba. Bayan kwana biyu na ɗauki kwali na kai ofishinta, wasiƙun goyon baya ɗari huɗu da sha biyu, duk ni na tsara su, hannu kawai aka sa. Na haɗa da taƙaitaccen rahoto da muka rubuta "don sauƙaƙa mata aiki". Ta karɓi kwalin, ta buga wa kowace wasiƙa tambarin karɓa, ta mayar min da rahotona ta ce tana da biro. A nata rahoton ta rubuta: wasiƙu ɗari huɗu da sha biyu, magana iri ɗaya, a kwali ɗaya, ta hannun mutum ɗaya. Maganar matan nan bakwai kuwa ta sa ta cikakkiya, kowace da sunanta da abin da take nomawa.

Daraktanta ya kira ta ya ce a cire shafukan matan, ai bayan an tashi suka yi magana. Masinjan ofishin yana tsaye da tire, shi ya ji amsarta. Ta ce, "Kai ne babba, ka cire. Sai dai zan rubuta a ƙasa cewa an cire shafi huɗu bisa umarninka, ka sa hannu." Bai cire ba, bai kuma yafe ba.

Shugaban ƙungiyarmu ya ce in je in lallashe ta. Na same ta a ƙaramin ofishinta, fanka na kuka, fayiloli har rufi. Na yi gaisuwa mai tsawo, na tambayi yara da maigida, na kewaya na kewaya, sannan na ce ai ƙungiya ba ta manta alheri, in aka sassauta shafukan nan za a san yadda za a yi. Ina magana tana rubutu, ban kawo komai a raina ba. Da na yi shiru ta gyara tabarau ta karanta: "Sakataren ƙungiyar dillalan iri ya ce in an cire maganar mata bakwai, har da ta goggonsa, ƙungiya ba za ta manta da marubuciya ba." Ta ɗago ta dube ni. "Haka ka ce?"

Jama'a, na sha jin maganata a bakina tana da daɗi. Ban taɓa jin ta tsirara a bakin wani ba sai ranar. Na ce, "A'a, Malama, ban ce ba." Ta ce, "To shi ke nan," ta ja layi a kai, ta rufe littafi. Har ta tsiyaya min shayi. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ni ne yau nake tona wa kaina asiri.

Rahoto ya tafi da shafukansa cif. Dattijon nan mai bincike ya karanta maganar goggo a gaban kwamiti, aka yi ta ja-in-ja, ƙarshe aka gyara sashe na tara: hatimi dole ne ga mai sayar da iri a leda, amma manomin da ke sayar da abin da ya noma da kansa, a buɗe, a kasuwar garinsu, ba ruwan doka da shi. Kada ku ɗauka mun tashi a tutar babu, sauran sassan duk yadda muke so suka wuce. Amma faifan goggona ba wanda ya taɓa shi, har yau yana bakin kasuwa a hannun jikarta.

Ita kuwa Malama, wata biyu bayan haka aka mayar da ita ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, inda ba taga sai ƙura da kyankyasai. Shekara huɗu ta yi a can, ƙarin girma ya wuce ta sau biyu. Sai da wani zama ya rikice, kowa ya ce ba abin da ya faɗa aka rubuta ba, sannan aka tuna da ita aka dawo da ita. Wannan abu har yau yana ci min rai, don da hannuna a ciki.

Malama, ke ce kunnen wanda ba shi da lauya. Ke ce kika san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kika ƙi rufe littafi sai ya faɗa. Ba ki taɓa ɗaga allon zanga-zanga ba, ba ki taɓa zagin kowa ba, ba ki hana mu masu baki magana ba. Kin dai ƙi yarda a ƙirga murya ɗaya sau ɗari huɗu, a bar bakwai a waje. Na gode miki a madadin goggona, da duk gidan da waken nan ya ciyar kafin kaka. Na kuma gode miki a kan kaina, don kin rufa min asiri a ranar da ban cancanta ba. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Ku kuma da kuka gaji kujerarta, masu kwamfuta da rikodar zamani, ku sauko da teburin nan ƙasa. Ku karanta wa mutum maganarsa kafin ya zauna. In an ce har huɗu, ku kai huɗu. Mu masu ƙungiyoyi ba za mu daina zuwa ba, haƙƙinmu ne, kuma za mu zo da shiri. Abin da zai hana mu cinye zaure shi ne mutum ɗaya mai biro da ba ya gaggawa.

Kafin in miƙa wannan rubutu na je gidanta, da ƙullin wake da goggo ta ba ni in kai mata, don yanzu ƙafa ta hana ta fita. Na same ta a tsakar gida tana ba shukokinta ruwa. Na ce bari in yi mata irin nata, na zauna na karanta mata tun daga farko har ƙarshe, na ce, "Haka aka yi, Malama?"

Ta ce, "Biro huɗu nake jerawa, ba uku ba. Sannan ka cika zuzutawa. Matan nan su suka bar shukarsu suka zo, ni rubutu kawai na yi."

Na ce biron zan gyara, sauran kuwa sai dai ta yi haƙuri. Ga shi ma ban gyara ba, na bar shi don ku ga halinta. Muka yi dariya, na ce mata ai ni tun waccan shekarar ban ƙara raba wa kowa hula ba, kuma ba zan ƙara ba har in mutu.

Sai na ga ta ajiye butar, ta goge hannu a zaninta, ta juya bayan takardata ta karɓi birona. Ta rubuta, ta gyara tabarau, ta karanta min.

"Haka ka ce?"

Na ce, "Haka na ce, Malama."

Ta miƙo min biron ta ce, "To sa hannu."